Noti Goma Sha Bakwai a Ƙarƙashin Motar Baba

Mahaifina direba ne, mutumin Damagaram, kuma ƙafarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa. Ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, wata babbar motar katako ta zame a kan laka a hanyar daji ta matse shi da gindin bishiya. Aka yi watanni ana jinya, ƙafar ta warke, amma ta warke a miƙe kamar taɓarya. Yana tafiya da ita, yana salla a kan kujera, sai dai taka kuloci ya gagare shi. Shekara biyu ya yi zaune a ƙofar gidanmu a unguwar da ake kira London, a wata ƙasar bakin teku ta renon Faransa da muke baƙunta, yana kallon tasi suna wucewa, har ranar da wani abokinsa mai shigo da tsofaffin motocin Turai ya aiko aka ce ya zo, akwai wata mota da ta ƙi sayuwa.

Ƙaramar motar kaya ce mai rufi, fara, mai ƙofar gefe da ake ja. Abin da ya hana ta sayuwa, otomatik ce, ita ke canza wa kanta giya. Direbobi in sun leƙa suka ga abin takawa biyu kawai, birki da totur, sai su girgiza kai su wuce, suna cewa ran da ta kwanta babu mai tada ta a garin nan. Baba ya leƙa ya ga abin da suka gani. Ya buɗe ƙofa, ya tura miƙaƙƙiyar ƙafarsa can gefen da babu komai, ya zauna. Mama ta ce ranar ce ta fara jin dariyarsa tun bayan haɗarin.

Da ita ya riƙa ɗebo wa 'yan kasuwar Mont-Bouët kaya, atamfa da shinkafa da kwalayen sabulu, wajen shekara bakwai. Na fi tuna ta da safe bayan ruwa ya ɗauke, in zai rage mini hanya. Gilashi ya yi gumi, bishiyoyin mangwaro suna ɗiga a kan rufi, ita kuma tana tafiya tana canza giya a hankali kamar mai barci yana juyi. A aljihun ƙofarta mun tarar da safar hannu guda ɗaya ta ulu, ƙarama, da wani ɗan faifan roba da muka daɗe ba mu san amfaninsa ba. Daga baya aka ce mana na kankare ƙanƙara ne daga gilashi. Nakan riƙe shi a hannu muna tafe, zufa na bin bayana, ina tunanin garin da ake tashi da safe a tarar gilashin mota ya daskare.

Shekarar da aka karya darajar sefa ina da ashirin da uku, ina aikin buga wa mutane takardu da keken rubutu a wani ɗan shago kusa da kasuwa. Aka wayi gari duk abin da ke ƙetaro teku ya ninka. Ba a yi hayaniya a gidanmu ba. Sukari dai ya ragu a shayi, Mama ta daina sayen madarar gwangwani, Baba kuma ya riƙa ɗaga canjin jan man giya daga wannan wata zuwa wancan. Wajen ƙarshen shekarar motar ta fara nawa. In ya sa ta gaba sai ta tsaya kamar tana shawara, ya ƙirga har biyar kafin ta motsa. Sai ta fara kuka a hawan tudu, inji na ihu, tayoyi ba su san ana yi ba. Wata safiya a tsakiyar titin kasuwa, da buhunan shinkafa a ciki, ta tsaya cak. Inji na aiki lafiya lau, ita kuwa ko motsi.

Abin ya zo daidai da lokacin da gwamnati ta ba baƙi wa'adi: duk wanda ba shi da katin zama ya gyara, ko ya bar ƙasar. Mu takardunmu a gyare suke. Amma rabin mutanen da Baba ke sahu ɗaya da su a masallaci nasu ba a gyare suke ba.

Mutum ɗaya Baba ya yarda ya taɓa masa mota, wani tsohon bakanike Bakano mai gareji a Oloumi, a bayan wani wurin yankan katako. Ni Kawu nake ce masa. Ya yi aiki da Turawa a Legas yana saurayi, can ya koyi irin wannan giya. Aka jawo motar da igiya, Baba ya ce in raka shi ko za a buƙaci mai karanta Faransanci.

Muka tarar da garejin shiru. Ma'aikatansa uku duk sun riga sun tafi. Shi kaɗai ne a kan benci da rediyonsa, garin katako na sauka a hankali daga maƙwabta yana kwanciya a kan komai, har a kan hularsa. Bayan sun gaisa da Baba ya buɗe gaban motar, ya zaro ƙarfen gwada mai, ya shafa a bayan hannunsa, ya sansana.

"Ya ƙone," in ji shi. "Da ja ne kamar zoɓo. Dubi yanzu."

"Bwat ɗin ce ko, Malam?"

"Giyabos ɗin ne, Alhaji."

Shekara bakwai suna haka, wannan ya ce bwat, wancan ya ce giyabos, ba wanda ya taɓa sakar wa ɗan'uwansa.

"Za ta gyaru?"

"Za ta gyaru in mun san wace ce. Irin motar nan giya kala uku ake sa mata, ya danganta da shekara da ƙasar da aka kai ta. Daga waje kamarsu ɗaya. A ciki kuwa ko faifai ɗaya na wannan ba ya shiga waccan. In muka yi odar kayan da ba nata ba, da tsadar nan, ba a mayarwa."

Ya ce in karanta masa takardar motar. Na karanta: shekara, nauyi, launi, yawan kujeru. Ba a ambaci giya ba. Ya ce ba komai, akwai ɗan allon ƙarfe a jikin giyar da ake rubuta sunanta. Aka tura motar kan ramin gyara, ya sauka, muka ji yana lalube. Da ya fito sai ya nuna mana yatsu biyu.

"Ramukan ƙusa biyu kawai na samu. Allon ya tafi."

Ya ce saura hanya ɗaya, akwai lambar da ake bugawa a jikin ƙarfen kansa, can sama, wurin da hannu ke kai wa da ƙyar. Sai dai wannan aikin ido ne, shi kuwa yanar ido ta rufe masa gani, ƙananan lambobi sun daina zuwa masa. Baba ba ya iya sauka tsani. Su biyun suka juya suna kallon ƙofar gareji kamar wani zai shigo. Ba wanda ya shigo.

"Bari in sauka," na ce.

"Ke? Uwata, rami ne fa." Uwata Baba yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Ido nake nema, Alhaji," in ji Kawu. "Tana da shi."

Baba ya jawo wata tsohuwar rigar aikinsa daga bayan kujera ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na zura ta a kan kayana, na ƙara ɗaure ɗankwali, na sauka.

Har yau ina mafarkin ramin nan. Akwai sanyi a ciki, da warin ƙasa da baƙin mai. Ruwan sama ya taru a ƙasa an shimfiɗa katako a kai, wani ƙaramin kwaɗo yana zaune a kusurwa yana kallona. Ƙarar zarto ta koma can nesa kamar daga wata unguwa. Na ɗaga kai na ga cikin motar da na yi shekara bakwai ina hawa ban taɓa gani ba, ya zama mini rufin ɗaki, da bututu da wayoyi da busasshiyar jar laka. Haske na shigowa ta tsakanin tayoyi siriri-siriri. Daga nan ba na ganin komai na mutanen biyu sai ƙafafu: takalman roba na Kawu, da ƙafar Baba a miƙe.

Kawu ya tsuguna a bakin ramin, muryarsa ta sauko mini.

"'Yata, dubi bayan inji. Kin ga wani abu mai tsawo kamar cikin kada?"

"Na gani, Kawu."

"Shi ne. A ƙarƙashinsa akwai kasko, nan mai yake kwana. Yaya siffarsa?"

"Kamar faranti mai kusurwa huɗu. Amma an gutsure kusurwa ɗaya. Kuma yana da ɗan wuya ta gefen hagu."

"Wuya? To, ƙirga mini notin da ke kewaye da shi. Ɗora yatsa a kan na farko kada ki ɗaga, ki kewaya da ɗayan hannun."

Na ƙirga. Goma sha bakwai. Ya ce in sake. Na sake har sau uku.

"Na san mai sha uku," in ji shi a hankali, "na san mai sha huɗu, na san mai ashirin. Mai sha bakwai ban san ta a motar nan ba."

Ya miƙo mini tocila, na ce Baba ya ciro mini ɗan madubin da ke cikin jakata. Na cusa madubin sama tsakanin giya da jikin mota, na haska. Sai ga lambobin sun bayyana a cikinsa a juye. Haruffa biyu na iya karantawa da lamba uku, sauran tsatsa ta cinye. Kawu ya ce aikin gishiri ne, Turawa suna zuba shi a titi lokacin sanyi. Na tsaya a ramin da madubi a hannu ina ƙoƙarin ganin mutanen da ke fitowa da gishiri su barbaɗa wa hanya, har sai da Baba ya kira ni sau biyu.

Da na fito Kawu yana murmushi shi kaɗai.

"Wani ya riga mu, Alhaji. Can Turai giyarta ta asali ta mutu, wani ya ciro ta wata mota dabam ya dasa mata. Kuma gwani ne. Shekara bakwai ina canza mata mai ban kama shi ba."

Ya tsiyaye man, ya kwance kaskon, ya kife shi a kan wani kwalin madara da ya ɓare. Ya bi gefensa da fensir, sannan ya ɗauki ƙusa ya huda kwalin a gurbin kowane noti. Ya rubuta, a'a, ni ya sa na rubuta haruffan biyu da lamba uku a tsakiya.

"Ga hotonta. Ki bi shagunan kayan gyara, ki nemi robar bakin kasko mai wannan siffa. Duk inda kika sami robar, kin sami sunan giyar."

"Ba gaggawa," in ji Baba, ko da yake akwai.

"Akwai, Alhaji. Jirginmu ba wannan Larabar ba, ta sama."

Ta haka muka ji zai tafi. Baba ya fara cewa ko za a haɗa hannu a gyara masa katin, Kawu ya ɗaga masa hannu.

"Shekara ashirin da biyu. Ba zan ƙara shiga layi ina roƙon a bar ni in zauna ba. Ido ma ya ce a tafi gida."

Na roƙi mai shagonmu ya riƙa sakina da azahar. Kullum sai in sa kwalin a leda saboda ruwa, in rungume shi, in shiga gari. Kwanakin nan sun narke mini sun zama yini ɗaya mai tsawo. Ruwa ya zubo, rana ta fito, titi ya yi tururi. A bakin hanya an jera firji da gadaje da fankoki na mutanen da ke sayar da kayansu, wani madubi babba a jingine da bishiya gajimare na wucewa a cikinsa. Shagunan da na sani tun ina ƙarama na tarar da kwaɗo a ƙofarsu. Masu kayan gyara su karɓi kwalin, su juya shi sama, su juya shi ƙasa, su ɗaga shi a rana haske ya fito ta ramukan. Wani ya tambaye ni ko yankan riga ne. Wani ya ce in turo mijina. Wani dattijo ya fito mini da duk robobin da yake da su muka gwada ɗaya bayan ɗaya a kan kantar shagonsa, ba wadda ta hau.

Ran kwana na huɗu jandarmomi suka tare tasin da nake ciki. Na miƙa takardata, ɗayansu ya duba ya mayar mini, sai ya nuna ledar ya ce mene ne wannan. Na yi masa bayani da Faransanci. Ya fitar da kwalin, ya bi ramukan da yatsa yana ƙirgawa, ya ce shi ma babansa bakanike ne, ya miƙo mini. Sannan ya juya ga mutumin da ke kusa da ni, wani magidanci da kan keken ɗinki a cinya, ya ce ya sauko. Mutumin bai yi gardama ba. Da zai fita ya sunkuyo ya ce mini da Hausa, ƙasa-ƙasa:

"'Yata, shagon tela na biyu bayan masallacin kasuwa. Ki ce musu an tafi da ni, kada su jira ni da abinci."

Ban san yadda aka yi ya gane ni Bahaushiya ce ba, ban yi Hausa a motar ba. Ranar ban shiga shagon kayan gyara ko ɗaya ba, na je na isar da saƙon.

Washegari na shiga wani babban kanti a kan babban titi, irin mai gilashi da na'urar sanyi, wanda da nake wucewa saboda ina ganin ba na irinmu ba ne. Ba kowa a ciki sai wata mata 'yar ƙasar, mai tabarau da igiya a wuya. Madam nake ce mata har ta bar duniya. Ba ta yi dariya ba. Ta shimfiɗa kwalin a kan kantar shagon, ta daɗe tana kallo.

"Wa ya zana wannan?"

"Bakanikenmu. Ba ya gani sosai."

"Ya fi masu gani." Ta cire tabarau. "Ni ban san ta ba. Amma tun da kuɗi ya faɗi ba mai shigowa, lokaci kuwa muna da shi."

Ta shiga ciki ta fito da tsofaffin littattafan kayan gyara, manya-manya, suna warin rima. A ƙarshen kowanne akwai shafuffukan da aka zana robobin kasko, ƙanana, baƙaƙe, layi-layi, kamar taswirar ƙasashen da ba wanda ya taɓa zuwa. Ta ba ni kujera a ƙarshen kanta. Yamma uku na yi a wurin. Sanyin na'ura na ratsa ni, ruwa na gangarowa a gilashi, mutane na wucewa a waje ba sauti. Wani lokaci in ɗago in rasa inda nake. In na rufe ido siffofin su ci gaba da wucewa. Madam takan ajiye mini kofin shayi ta koma wurinta.

Na gama littattafan motocin kaya kaf ban samu ba. A yamma ta uku, don kada in tashi haka nan, na jawo na ƙananan motoci. A shafi na huɗu ko na biyar na gan ta. Kusurwa ɗaya a gutsure, ɗan wuya ta hagu. Na zaro allurar da ke ɗankwalina na bi ramukan da bakinta, sha bakwai. A ƙarƙashi ga haruffan nan biyu, ga lamba uku, ga kuma sauran da tsatsa ta ci, cikakku. Ban yi ihu ba. Na dai ce, "Madam."

Ta zo ta duba, ta sake dubawa. Ta ce giyar wata doguwar mota ce ta manyan ma'aikata, an daɗe da daina yin ta. In aka yi oda, wata biyu. Na ce mata kwana huɗu muke da su. Ta mayar da tabarau, ta yi ta buga fensir a kan kantar shagon.

"Irin motar nan likitoci da shugabannin makarantu suka hau. Yanzu duk suna bayan gidaje kaji na kwana a ciki. Akwai ɗaya a gidan gwaggona."

Da safe muka ɗauki tasi mu uku, ni da Baba da Kawu. Direban ya ƙi hawa tudun, muka ƙarasa da ƙafa, Baba na jan tasa a hankali. Gidan katako ne a cikin ayaba. Motar tana ƙarƙashin bishiyar fiya, koriya mai duhu, tayoyinta sun nutse a ƙasa, wata ciyawa mai furanni ta shiga ta taga ta fita ta ɗaya tagar. Tsohuwar ta fito da sanda. Ta ce ta mijinta ce, shugaban makaranta ne, injin ya buga shekara guda kafin shi ma ya kwanta, yau shekara tara.

Aka shimfiɗa mini buhu, na kwanta na ja jiki ƙarƙashinta, kaji na gudu. Na ɗora yatsa a kan na farko.

"Sha bakwai, Kawu!"

Na ji ya zaro ƙarfen gwada mai. Sai ya ce, "Alhaji, zo ka ga ja."

Baba ya ce in tambaye ta nawa za ta sayar da giyar. Na tambaya. Ta ɓata rai.

"Ki ce masa ba na sayar da mijina gunduwa-gunduwa."

Na fassara. Baba ya sunkuyar da kai ya ce in ba ta haƙuri. Ta tsaya tana kallon ƙafarsa, ta nuna ta da sanda ta ce me ya same shi. Na gaya mata. Ta ɗaga bakin zanenta ta nuna masa gwiwoyinta a kumbure. Sai ga su suna hira ta bakina, wane magani ya gwada, wane ta gwada, wane ciwo ke tashi in hadari ya haɗu. Can ta ce duk Asabar tana son zuwa kabarin mijinta, daga nan ta biya kasuwa, amma tasi ba sa hawowa, rabonta da zuwa tun bara.

"Motarka in ta tashi za ta hau tudun nan?"

Baba ya dubi Kawu. Kawu ya ce za ta hau.

"To ku kwance abinku."

Mutum biyu daga wurin yankan katako suka taimaka aka sauke giyoyin biyu aka kai gareji. Kawu bai ɗora waccan a gurbin wannan ba, don gwanin Turai ya yi wa ta motarmu gyare-gyare a jiki da za ta zauna. Sai ya buɗe su duka biyu, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya jera kayan cikinsu layi biyu. Ni ina wankewa da fetur ina miƙa masa. Yakan ɗauki faifai ya shafa shi da babban yatsa, ido a rufe, ya ajiye dama ko hagu. Yini biyu cur, ban ji ya yi magana ta wuce goma ba. In an kira salla ya wanke hannu da garin katako da sabulu, su yi jam'i da Baba, ya dawo ya ɗauki abin da ya ajiye daidai inda ya tsaya.

Ran Talata bayan la'asar ya zuba sabon mai, ya ce Baba ya tayar. Baba ya yi bisimilla ya sa ta gaba. Ta motsa nan take, har sai da ya taka birki don mamaki. Muka fita titin bakin teku. Kawu na tsakiya, ya sunkuya ya ɗora tafin hannunsa a ƙasan motar, ido a rufe.

"Ɗaya," in ji shi. Muka wuce masu gasa kifi. "Biyu." Iska ta shigo da warin gishiri, bishiyoyin kwakwa na wucewa ɗaya-ɗaya, can a kan ruwa jirage sun tsaya kamar an zana su. Muka yi ta jira. Baba ya ƙara totur kaɗan. "Uku."

Ya ɗago ya jingina.

"To, Alhaji. Ta dawo. Ka riƙa canza mata mai ko da shayi za ka bari."

Ba mu juya ba sai da muka kai ƙarshen titin, ba wanda ya ce a juya.

Kaya na farko da ta ɗauka bayan gyara na Kawu ne. Akwatin tufafi, akwatin kayan aiki, rediyo. A bakin tashar jirgin ruwa mutane sun cika fili, zaune a kan ƙunshin kayansu, mata sun yi rumfa da zannuwa. A ƙofa aka ce kowa kaya ɗaya. Kawu bai yi dogon tunani ba, ya ɗauki na kayan aiki, ya rataya rediyo a wuya, ya bar na tufafin a motar. Suka riƙe hannun juna shi da Baba suka daɗe, kowa na cewa a yafe masa. Ni ya ce mini, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Ya shiga layi. Muka bi hularsa da ido har ta ɓace cikin huluna.

Akwatin tufafin sai bayan wata takwas Baba ya sami wani mai zuwa Kano ya ba shi. Da mutumin ya dawo ya ce ya same shi, idon ya tafi gaba ɗaya, amma yana zama a wani gareji na ɗan ƙaninsa, ana kawo motoci ya saurara ya faɗi abin da ke damunsu. Labarinsa na ƙarshe da muka ji ke nan.

Makonnin da suka biyo baya motar ba ta huta ba, daga unguwa zuwa tasha, daga tasha zuwa unguwa, da katifu da tukwane da mutanen da muka sani. Da abin ya lafa Madam ta aiko a kira ni, ta ce tana neman mai haƙurin duba littafi. Na bar keken rubutu na koma kantinta, a can na yi aiki har na aurar da 'yata ta fari. Motar ta ƙara shekara biyar a hanya.

Asabar kuwa Baba bai taɓa fashi ba. Farkon zuwa na raka su don fassara, daga baya suka ce ba sa buƙata. Tsohuwar takan zauna a gaba da furanninta a cinya, tana rera waƙoƙin cocinsu ƙasa-ƙasa, shi kuma yana jan carbi da hannun hagu. A maƙabarta ya tsaya a inuwa ya jira ta, a kasuwa ya riƙe mata kwando. Da ta rasu, 'ya'yanta suka zo har gida suka roƙi Baba ya ɗauki furannin jana'izar a motarsa, ya ɗauka.